Maƙerin da Ya Mayar wa Mahauci Hannunsa

Ranar Talata, sha huɗu ga Nuwamba, da misalin ƙarfe goma na safe, ina tsakiyar zare ƙashi daga cinyar saniya a rumfarmu ta Kasuwar Bakin Gada, wayata ta yi ƙara cikin aljihu. Ban ɗauka ba, hannuna duk kitse. A karo na uku maigidana ya zaro ta ya kara min a kunne, sai na ji muryar ɗanka Sang-pil yana cewa, "Tae-ung, Baba ya tafi." Ka zauna ne a kujerar ƙofar maƙera kana jiran shayin sha'ir ya huce, zuciya ta tsaya. Shekararka saba'in da tara. Kwana goma ke nan cif da sake buɗe mutum-mutumin Tak Man-gap a dandalin garinmu.

Baba Yeom Du-cheol, ni ba marubuci ba ne. Mahauci ne ni. Na bar makaranta ina ɗan shekara sha shida, kuma abin da na sani na karatu a laburaren gari na tsinto shi, littafi bayan littafi, ba malami ba jarrabawa. Da jaridar 'yan kasuwa ta nemi wanda zai yi maka ta'aziyya, aka ce a ba mai bakin nan. Na karɓa ne saboda na ga abin da manyan jaridu suka buga: layi huɗu, biyu daga ciki a kan shugaban kwamitin gyaran mutum-mutumin. Ka cancanci fiye da haka, ko da daga hannun da ya fi sanin wuƙa a kan alƙalami.

Da zagi muka fara, kuma ni na yi zagin.

Bara, guguwar teku ta fizgo reshen babbar bishiyar dandali ta maka shi a kan mutum-mutumin, hannun hagu ya karye daga gwiwa. Majalisar gari ta kira taron jama'a a kan gyara, domin bana ake cika shekara ɗari da ranar da Tak Man-gap ya tara mahautan lardin nan ya ce su ma mutane ne. Na je taron da cikina cike da fushi. Aka ba ni minti biyu, na ci goma. Na ce shekara arba'in mutumin nan yana tsaye a rana, kuma babu inda aka rubuta kalmar mahauci a allon da ke ƙasansa. Mutumin da aka ɗiga wa sunansa jan tawada a rajistar hukuma, wanda dole ya rusuna wa ɗan manomi mai shekara biyar, wanda aka hana shi makarar gari ranar da mahaifinsa ya rasu har ya naɗe gawar a tabarma ya saɓa a kafaɗa, shi ne aka ƙera masa hannu sumul kamar na amarya. Sannan na ɗaga murya na ce, "Wai wane sakarai ne ma ya ƙera abin nan?"

Wani tsoho a layi na biyu, sanye da kwat duk hujin tartsatsi, ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Ni ne sakaran," ka ce.

Zauren ya ɗauki dariya. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. Da aka tashi na yi sauri in sulale, sai ka cafke tsintsiyar hannuna a kan matakala. Na zaci mari ne zai biyo. Ka juya tafina sama, ka juya ƙasa, ka daɗe kana dubawa, sannan ka ce, "Gobe ka zo maƙera. Ka taho da bakin nan ma, kada ka bar shi a gida."

A maƙera ka ba ni labarin da ba ka taɓa ba ko matarka ba. Lokacin da aka ba ka aikin, hoto ɗaya tak aka samu na Tak, daga ƙirji zuwa sama. Kwamitin wancan zamani ya ce a fito da shi da mutunci. Sai ka ɗauki awon hannun wani hedimasta, ka ɗora littafi a dama, ka miƙa hagu a buɗe. Ranar buɗewa, bayan manya sun watse, wani tsohon mahauci ya matso ya dubi hannun, ya tofar da yawu gefe, ya ce, "Wannan bai taɓa riƙe ƙafar sa ba." Ya juya ya tafi. Ka ce tun daga ranar ba ka sake bi ta dandalin ka ɗaga kai ba.

Sai ka yi tsaki ka ce, "Abin haushi, hagu ce ta karye. Da dama ce, hannun wuƙa, da na zuba masa duk tabon da ya kamata."

Nan na samu damar ramawa. Na yi dariya har na riƙe ciki. Na ce, "Baba, shekara arba'in kana nadama, kuma nadamar ma a hannun da ba shi ba kake yi. Hannun wuƙa ba ya yankuwa, kanta kawai yake yi. Wanda ke riƙe nama shi ke shan wuƙa." Na miƙa maka haguna, ka ƙirga tabo tara.

Sai ka ce, "Ashe guguwar ta fi ni sanin aiki."

Ban taɓa ganin tsoho ya karɓi gyara daga yaro da irin wannan farin ciki ba. Ka kira Inna Mal-sun, matarka, ka sa na maimaita mata. Ranar na ci abinci a gidanku, ta yi ta ƙara min shinkafa tana cewa in rage masifa in ƙara ƙiba.

Amma sanin hannun da ke yankuwa daban, sanin hannun Tak daban. Shugaban sabon kwamiti, Mista Bang, ya faɗa ƙarara cewa gyara aka ce, ba sauyi ba. In ba a kawo wanda ya ga hannun da idonsa kafin a yi zubi a watan Oktoba ba, to a mayar da hannun hedimasta yadda yake. Kuma mutum ɗaya ne ya rage a duniya da ya san hannun nan. A gidanmu take. Kakata ce, wadda muke kira Halmoni.

A takarda sunanta Seo Sun-rye. Amma jikar Tak Man-gap ce, ɗiyar ɗansa. Tak ya rasu shekarar da yaƙi ya ƙare, tana da shekara sha biyu. Rajistoci sun ƙone, mahaifinta ya kwashe iyali zuwa birnin bakin teku ya rubuta sabon suna. Aure ne ya dawo da ita garin nan, kuma shekara sittin ba ta taɓa ratsa dandali ba, ta bayan tasha take zagayawa. Ni na gano haka ina da shekara sha tara, cikin wani tsohon jerin sunaye a laburare. Da na tambaye ta, da ludayin shinkafa ta ba ni amsa a ka. Da na kama sana'ar fawa kuwa, wata uku ba ta yi min magana ba.

Na tona maka asirinta, Baba, kuma ban tsaya nan ba. Na ce bari in rubuta a jarida, in gari ya sani ai ba ta da sauran abin ɓoyewa. Wannan ne karo ɗaya da na ga ranka ya ɓaci. Ka ajiye magagarin da ke hannunka, ka ce, "Kai a littafi ka karanta wulaƙancin nan. Ita a kanta aka zuba shi, da kashin shanu, a hanyar makaranta. Ka buga sunanta ka gani. Na rantse sai in sake zuba hannun hedimasta, in shafa wa farcensa ruwan zinariya, in rubuta sunanka a ƙasa."

Na kira ka matsoraci. Na ce irinku ne suka sa aka yi shekara ɗari ana lallaɓa gaskiya. Ka ce, "Na ji. Wace bas ce ke zuwa unguwarku?"

Daga nan kowace Alhamis da rana sai ga ka a ƙofar gidanmu da ƙunshin busasshiyar kanya. Halmoni ta san abin da ya kawo ka tun ranar farko. Ta tare ka a tsakar gida ta ce, "Maƙeri, in abin da nake zato ka zo nema, ƙofa tana inda ka bar ta."

Ka ce, "Haba Yaya. Likita ya hana ni kanya saboda suga, matata kuma ta fi likita tsanani. Na zo ne in kalli mai ci."

"To zauna ka kalla," ta ce.

Wata biyar kana zuwa. Kuka yi hirar ciwon gwiwa, da gishirin da ya dace da kabejin bana, da 'ya'yan zamani da ba sa gaisuwa, kuna nuna ni da baki. Ko sau ɗaya ba ka ambaci Tak ba. Ni kuwa ina ƙirga kwanaki ina cin wuta. Mista Bang yana kiran waya, tsohon mazubin hedimasta yana jingine a maƙera an share masa ƙura, kai kuma kana can kana kallon tsohuwa tana cin kanya. Na ce maka lokaci zai ƙure. Ka ce in ya ƙure ya ƙure, gara hannun ƙarya a dandali da a fizge na gaskiya daga bakin wadda ba ta so.

Alhamis ta ƙarshe a Satumba ka zo da abu naɗe cikin jiƙaƙƙen ƙyalle. Hannun yumɓu ne, wanda ka gina a kan awon haguna, yatsu biyar cif. Ka ajiye a kan teburinta ka ce, "Yaya, ya yi min nauyi a bas. Ajiye min zuwa mako mai zuwa. Sai dai a riƙa yayyafa masa ruwa, in ya bushe tsagewa zai yi."

"Ni baiwarka ce?" ta ce.

Amma ka san ta. Matar da ba ta iya ganin tukunyar fure ta bushe ko a ƙofar maƙwabta. Safe da yamma tana buɗe ƙyallen tana yayyafa ruwa tana mita. A kwana na huɗu na dawo cin abincin rana, na same ta zaune gaban hannun da wuƙarta ta yankan kabeji. Ba ta ko dube ni ba. Ta datse ƙaramin yatsa daga tushe. Ta datse na kusa da shi daga gaɓar farko. Ta ja layi da farcenta daga gindin babban yatsa zuwa tsintsiyar hannu, ta danna yumɓu ta faɗaɗa tafin.

"Ba haka yake ba," take cewa. "Wannan ai hannun yaro ne."

Sannan ta kama yatsu biyun da suka rage cikakku, manuniya da na tsakiya, ta damƙe su cikin tafinta. Ta ce, "Nan nake riƙewa in za mu je kogi. Sauran babu abin riƙewa." Ta daɗe a haka. Da ta saki, shatin yatsunta ya fito a jikin yumɓun. Ta tashi ta zuba min miya kamar ba a yi komai ba, ta ce in na faɗa wa kowa ban da maƙerin, in nemi wata kakar.

Ni na kawo maka shi a bas, a kan cinyata. Ka buɗe ƙyallen, ka cire hula. Na nuna maka shatin na ce a goge wannan kafin zubi. Ka buge min hannu. Ka ce, "Wannan ne kaɗai abin da ba ni na yi ba a duk mutum-mutumin, kuma shi ya fi kyau."

Saura kwamiti. Mista Bang ya dubi hannun ya ce yara za su tsorata, sannan ya ce ina shaida. Na buɗe baki, ka taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur har sai da na yi ƙara. Ka ce, "Shaida ta gani da idonta. Sunanta kuwa nata ne, ba nawa ba." Ya ce ba zai sa hannu a kan maganar wanda ba shi da suna ba. Da muka fito na ce gobe zan kawo baho biyu na kayan ciki in juye a ƙofar ofishinsa. Ka ce, "Kai dai komai naka sai ya yi wari. Tara min mutanenku. Kada kowa ya zo da wuƙa, kada kowa ya yi magana, musamman kai. Hannu kawai nake so."

Washegari mu arba'in da ɗaya muka shiga ɗakin taron da rigunan aikinmu, maza da mata. Ɗaya bayan ɗaya kowa ya ɗora hagunsa a kan dogon teburin. Babu hannu ɗaya da ba tabo. Yatsu goma sha uku ne babu a teburin nan, na ƙirga. Ka ajiye hannun yumɓun a tsakiya, ya zauna cikinsu kamar ɗan gida. Shirun nan shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi. Mista Bang ya bi layin da kallo daga farko har ƙarshe, sannan ya jawo takarda ya sa hannu. In yi masa adalci, shi da kansa ya ce a ƙara kalmar mahauci a allon. Ba na son sa har yanzu, amma ya yi.

Abu ɗaya ka ƙara roƙa, a rage tsawon dandamalin da mutum-mutumin ke tsaye a kai. Suka ce don me. Ka ce don ruwan sama. Ƙarya ka yi musu, Baba, Allah ya yafe maka. So kake hannun ya sauko inda gajeriyar tsohuwa za ta iya kai wa.

Ranar Asabar, huɗu ga wata, aka janye farin ƙyalle. Aka yi jawabai bakwai, babu wanda ya kira sunanka sai na ƙarshe, shi ma ya yi kuskure a ciki. Na hango Halmoni can nesa, a bayan rumfar mai awara, riƙe da lema ko da yake ba a ruwa. Kafin a gama tafi ta juya ta bi ta bayan tasha. Raina ya ɓaci. Na ce maka duk wahalar nan a banza, ko matsowa ba ta yi ba.

Ka ce, "Ta zo ko ba ta zo ba?"

"Ta zo, amma..."

"To rufe min baki. Je ka samo min kujera, ƙafata ta gaji."

Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Na so a ce wata ce ta fi ta daɗi, amma ita ta fi kama da mu.

Yanzu bari in faɗa maka abin da ba ka gani ba, domin saboda shi na karɓi rubutun nan. A kwana na biyu na zaman makokinka, Halmoni ta ce in ciro mata baƙar rigarta in kira tasi. Zauren cike yake da mutanen kasuwa, ana shan farfesu ana hirarka. A bakin ƙofa ta karɓi alƙalami ta sunkuya kan littafin masu gaisuwa. Ta daɗe tana rubutu. Na leƙa ta kafaɗarta. Tak Sun-rye ta rubuta. Shekara saba'in rabon da sunan nan ya hau takarda.

Ta ajiye farin fure gaban hotonka, ta rusuna, ta juya wajen Inna Mal-sun ta kama hannunta. Da muryar da kurma ma zai ji ta ce, "Ni jikar Tak Man-gap ce. Mijinki ya yi wata biyar yana ɓata min ranar Alhamis, kuma ko sau ɗaya bai tambaye ni ba. Da ya tambaya da har gobe ban faɗa ba."

Cokula suka tsaya. Shugaban mahautan kasuwa, mutumin da ba ya tashi wa magajin gari, ya miƙe ya rusuna mata har ƙasa. Sauran suka bi. Ta ce, "Ku zauna ku ci abincinku, ba rabon nama na zo yi ba."

A hanyar komawa ta ce wa direba ya tsaya a dandali. Ta ƙi in riƙe ta. Ta ratsa filin a tsaye, ta tsakiya, da rana tsaka, har gaban mutum-mutumin. Ta miƙa hannu ta kama yatsu biyun nan, yatsunta suka faɗa cikin shatinsu. Awonka bai kuskure ba, ko ɗaga dunduniya ba ta yi ba.

"Ya yi sanyi," ta ce. "Nasa da ɗumi, yana warin kitse." Ta ƙara damƙe yatsun. "Amma shi ne."

A kwana na uku Sang-pil ya ce ka bar wasiyya mahauta su ɗauki akwatinka. Mu shida muka fito, jikokin waɗanda aka hana makara. Aka raba mana farar safar hannu kamar yadda aka saba. Na dubi tawa na cusa a aljihu, sauran biyar suka yi haka. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana neman hannunmu, ba za mu rufe masa shi a rana ta ƙarshe ba.

Na gode, Baba. Na gode da ka ɗaga hannu a taron nan alhali kana iya yin shiru. Na gode da ka taka min ƙafa. Har yanzu ina da fushi, kuma ba na jin zan rabu da shi, domin akwai abubuwan da suka cancanci fushi a garin nan. Amma ka nuna min cewa mutumin da aka rufe wa baki da ƙarfi, ba a buɗe masa da ƙarfi. Da na yi yadda na so, da na samu hannun tagulla na rasa kakata.

Ni ba mai yawan addu'a ba ne, kai ma Inna Mal-sun ce ke jan ka coci da kwala. Amma yau ina roƙo da zuciya ɗaya. Allah ya ji ƙanka, ya yafe maka kurakuranka kamar yadda ka tsaya ka gyara wanda ya fi damunka. Ya sanyaya makwancinka bayan shekara sittin a bakin wuta. In ka haɗu da tsohon mahaucin da ya tofar da yawu, Allah ya sa ya miƙo maka hannu.

Ina miƙa gaisuwa ga Inna Ha Mal-sun, da Sang-pil da ƙanwarsa Eun-suk, da jikoki, da ma'aikatan maƙera biyu da suka rasa maigida. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsare abin da ya bari. Inna, Halmoni ta ce in faɗa miki ranar Alhamis tana nan tafe a bas ta sha biyu. Ta ce kada ki dafa komai. Ita za ta kawo kanyar.

Ok Tae-ung
Layin mahauta, Kasuwar Bakin Gada